Abdulgani Basarke da Ranar da Teku Ba Ya Gida

A cikin Hausawan da annobar korona ta rufe wa ƙofa a birnin Kuala Lumpur, babu wanda kullen ya ci wa rai kamar Malam Abdulgani, Basarke mutumin Yawuri. Shekarunsa sittin da bakwai a lokacin, hamsin da biyar daga cikinsu kuwa a kan ruwan Kwara ya yi su. An haife shi a wata tungar masunta da ke kudu da gari, ya fara riƙe gora a gindin jirgin mahaifinsa tun tsawonsa bai kai nata ba, ya yi su da taru, ya yi da birgi, wato tarun jifa, ya yi fito da jirgin da ake ɗaura wa buhunan da aka ɗinke don iska ta tura shi. Bai taɓa zama a aji ba. Amma in ya dubi fuskar kogi da hantsi, zai gaya maka ta inda iska za ta ɓullo da la'asar, kuma haka za a yi.

Shekara goma sha tara yana riƙe da kwatar tungarsu, wato gaɓar da jirage ke tashi suna sauka. Aikin mai riƙe da kwata magana biyu ce tak: ya ce a shiga, ko ya ce a dakata. Wanda ya ce a shiga, a wurin Sarkawa, ran mai shiga yana wuyansa har ya fito. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa tsamo gawar mutumin da ya shiga ruwa da izinin Abdulgani ba. Bai tara shanu ba, bai gina soro ba. Wannan shaida ita ce abin da ya mallaka, kuma da ita yake taka ƙasa da ƙarfi.

Abin da ya kawo shi Malesiya yanar ido ce. 'Yarsa Fatiha tana auren wani malamin jami'a, suna zaune a Pantai Dalam, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene. Ita ta aika masa ya zo a yi masa aiki, ya yi kwana arba'in ya koma. Aka yi aikin, ido ya buɗe tar, sai duniya ta rufe. Jirage suka daina tashi, aka kafa shingaye a tituna, aka ce kowa ya zauna inda yake. Idon da aka wanke don ya koma ya dubi Kwara, sai ya ƙare a kan bango huɗu da tagar da ba a ganin komai ta cikinta sai wasu benayen.

Wata ya bi wata, shekara ta zagayo. Abdulgani ya rame, maganarsa ta ragu. Yakan warware zaren buhun shinkafa ya saƙa ɗan guntun taru, in ya gama ya kwance, ya sake farawa. Fatiha takan yi masa miyar kifi irin ta gida, ya ɗanɗana ya ce kifin bai san wahala ba, a tafki aka yi kiwonsa. Ta fara tsoron kada mahaifinta ya tsira daga cutar da ake gudu, zaman ɗaki ya gama da shi.

A ƙofar da ke duban tasu akwai wani mutumin Filato mai suna Jethro, ɗan Pankshin, mai aikin kwamfuta a Bukit Jalil, wanda kullen ya mai da ofishinsa cikin ɗaki. Wata rana Abdulgani ya leƙo ya same shi ya baje wata ƙatuwar lema mai ruwan ɗorawa a baranda, da dogayen igiyoyi huɗu, da wani allo mai wurin sa ƙafa. Tsohon bai tambayi ko mene ne ba. Ya tsuguna ya ɗauki bakin igiya ɗaya, ya juya ƙullin, ya ce wanda ya yi wannan ƙulli bai taɓa binne kowa ba. Jethro ya yi dariya har takunkuminsa ya zame, ya ce shi ya yi, kuma a hoton waya ya koya.

Daga nan ya nuna masa abin a waya. Mutum ya ɗaura igiyoyin a ƙugunsa, ya saki lemar sama, ya taka allon, iska ta ja shi a kan teku kamar doki ya tsinke. Abdulgani ya kalla sau uku. Sannan ya ce ai wannan jirgin buhu ne, illa dai an yar da jirgin an bar buhun.

"To amma kai mutumin dutse," in ji shi, "me ya haɗa ka da ruwa? Ku da ko rafi sai kun naɗe wando kuna addu'a."

"Baba, ai shi ya sa na zo nan in rama," in ji Jethro.

Tun daga ranar Abdulgani ya laƙaba masa Ɗan Dutse, sunan kuma ya bi shi. Jethro ne ya gaya wa tsohon damuwarsu. Su wajen goma ne masu wannan wasa, 'yan Najeriya biyu, sauran 'yan ƙasa. Gaɓar da suka saba zuwa tana can gabas, a wata jiha, ga shi an hana ƙetare iyakar jiha. An dai sassauta a farkon shekarar 2021, an yarda mutum ya zaga cikin Kuala Lumpur da Selangor, amma bakin tekun da ke wannan ɓangare tsibirai ne na taɓo da itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Sun gwada wuri biyu da suka zaɓa a taswirar waya. A na farko iska ta kai lemar wani kan bishiya ta yage. A na biyu Jethro ya nutse a laka har cinya, ya baro takalmi ɗaya a can.

Abdulgani ya tambayi abin da wurin tashi yake bukata, Jethro ya lissafa masa. Fili mai faɗi da za a shimfiɗa igiya kamu hamsin. Iskar da ke zuwa daga gefe, ba wadda ke fitowa daga tudu ta kora mutum tsakiyar teku ba, ba kuma wadda za ta maka shi da gaɓa ba. Kada a sami bishiya ko wayar lantarki a inda iska ta nufa. Ƙasan ruwa ya zama mai tsabta. Tsohon ya ji duka, ya ce ba abin da aka faɗa wanda mai kwata bai sani ba tun yana goye.

Ran da 'yan ƙungiyar suka haɗu a wani shagon shayi da abinci, irin wanda ake kira mamak, da ke Setapak, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, Jethro ya zo da shi. A nan, a gaban mutum bakwai, Abdulgani ya ajiye kofin shayinsa ya ce a kai shi bakin ruwa kwana uku. In ya nuna wuri ya ce a shiga, to a shiga ido rufe, wuyansa ya ɗauka. Jethro ya fassara wa waɗanda ba su ji ba. Wani Bakano mai suna Haidar, wanda ke karatun digiri na uku, ya ce Allah ya sa dai tekun ya ji Hausa.

Da suka koma gida Fatiha ta ji abin da ya faru. Ta yi murna ganin mahaifinta ya cinye tuwonsa tas, amma ta ce masa a hankali, teku fa ba Kwara ba ne. Ya ce ruwa duk ɗaya ne, gishiri kawai aka zuba wa wannan.

Sha biyu ga watan Sha'aban suka fara fita. Jethro yakan gama aikinsa da azahar, su ɗauki hanya, su haye gada zuwa wani tsibiri da ke bayan Klang, su bi ta cikin gonakin kwakwar manja har titi ya ƙare a wani ƙauyen masunta. Da Abdulgani ya fito daga mota iskar ruwa ta buge shi, sai ya janye takunkumi ya tsaya cik. Shekara guda ke nan bai ji warin ɗanyen kifi da jiƙaƙƙen katako ba. Jethro ya ga idon tsohon ya kawo ruwa, ya kau da kai kamar yana neman wani abu a mota.

A bakin ƙauyen akwai wata rumfa, a ƙarƙashinta wani dattijo ɗan ƙasa, siriri, da farar hula, yana gyaran taru. Kowace rana cikin ukun nan yakan ɗago kai ya bi su da ido har su wuce. Abdulgani ya gan shi, ya kuma san ko wane ne, domin mai kwata ba ya ɓoyuwa ga mai kwata. Ya san dokar da mahaifinsa ya karanta masa tun ran da ya fara riƙe gora: ba a tura jirgi a kwatar da ba a gai da mai ita ba. Amma ya ce wa kansa zamanin annoba ne, mutane na ƙyamar baƙo, ga shi ba ya jin yarensu. Waɗannan duka gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinsu, ita ce ya riga ya bugi ƙirji a gaban mutum bakwai, bai so a ga yana tambayar wani hanya ba. Ya ɗaga hannu daga nesa, ya wuce.

Aikin da ya yi a kwana ukun nan aikin gwani ne, wannan ba a ja. Ya ƙi gaɓar farko don ya ga itatuwanta duk sun karkata wajen teku, ya ce iskar wurin mai korar mutum ce. Ya ƙi ta biyu don tsuntsaye na tsaye a kan ruwa can nesa, alamar tudun laka. A ta uku, wadda ke arewa da ƙauyen, ya zauna yini biyu yana watsa busasshen yashi yana duban inda ya faɗi. Ya ɗaura tsumma a kan gora ya kafa. Ya ga iska tana tasowa bayan azahar, ta daidaita daga gefen dama, ta riƙe har rana ta yi ja. Ya tuɓe riga ya shiga da gora yana caka ƙasa har ruwa ya kai masa ƙirji, ko'ina yashi. Daga nan zuwa inda ido ya tsaya, fuskar ruwa sumul take, babu ko yamutsa.

Jethro ya ambata masa cewa teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, ya nuna masa lambobi a waya. Abdulgani ya gyaɗa kai kawai. A saninsa ruwa da wata yake cika, da wata yake sauka, kamar yadda Kwara ke yi tsakanin damina da rani, abin da zai ragu a yini ɗaya kuwa bai wuce taƙi ba. Kwanakin da suka je, duk sun tarar da tekun yana kan cikowa, sun bar shi a cike. Fuska ɗaya ya gani, ya ɗauka ya ga mutumin duka. A rana ta uku da yamma ya soka gorarsa a yashi ya ce wuri ya samu.

Aka sa ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga wata. Wayar Jethro ta ce ruwa zai ragu a ranar, amma zai isa a yi wasa. Mota huɗu suka zo, mutum tara. Aka hura lemomi, aka shimfiɗa igiyoyi, wuri ya cika da launi kamar kasuwar atamfa. Iska ta zo daidai lokacin da tsohon ya ce, daga gefen da ya ce, har Haidar ya sara masa ya ce ashe tekun ya yi makarantar allo a Yawuri.

Abdulgani ya tsaya a bakin ruwa da gorarsa, yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba. Sai ya lura inda ya tsaya ran nan ruwa na ƙirji, yau busasshen yashi ne. Ya ɗaga ido ya dubi can gaba, kamar taku ɗari biyu. Fuskar ruwa ta yamutse a wurin, 'yan ƙananan gira-gira, irin wadda Kwara ke yi in ya bi ta kan itacen da ya nutse. Ya ƙara dubawa da idon da aka wanke masa. Yamutsar ba ɗaya ba ce, jere take, layi biyu miƙaƙƙu da suka haɗu a can ƙarshe kamar bakin mashi. Ruwa ba ya jera abu a miƙe. Hannun mutum ne kaɗai ke yin haka.

Ya san akwai abin da aka kafa a ƙarƙashin nan, kuma bai fi tafin hannu tsakaninsa da sama ba, a daidai hanyar da iska za ta ja duk wanda ya tashi. Ya waiga. Lemar Jethro ta riga ta hau sama, allo na hannunsa, ruwa na idon sawunsa, shi kaɗai yake jira. Zuciya ta raya wa tsohon cewa wataƙila su wuce ta gefe, wataƙila ba kowa zai taɓa ba, a tashi lafiya sunansa na nan yadda yake. Shekara goma sha tara bai taɓa cewa a shiga ya dawo ya ce a dakata ba. Magana zarar bunu ce, ga shi ya zare ta a gaban jama'a.

Ya ɗaga gorar sama, ya gicciya ta.

"Ɗan Dutse, sauke lemarka. Ba mai shiga."

Jethro ya dube shi, ya dubi ruwa, bai ga komai ba. Amma ya sauke. Sauran suka taru suna tambaya da Turanci da yaren ƙasar, wasu ransu a ɓace, don sun yi tafiyar awa biyu bayan watanni a ɗaki. Haidar ya cire gilashinsa ya ce, "Baba, kai ka ce mu shiga ido rufe. Mun rufe, yanzu kuma ka ce mu buɗe? Ko dai aljanun Yawuri ne suka biyo ka?"

Abdulgani ya ce wa Jethro ya gaya musu su ba shi zuwa bayan la'asar, in ba su ga komai ba, su kira shi duk sunan da suka ga dama. Ya zauna a yashi ya harɗe ƙafa, ya fuskanci ruwa. Iska mai kyau tana ta wucewa a banza, mutane na gunaguni a bayansa, wasu biyu har sun fara naɗe kaya. Ya yi sallar la'asar a wurin. Yana sallamewa, kawunan suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya: turakun wani tsohon shingen kamun kifi, baƙaƙe, sun fi ɗari, kowanne ya yi rigar ƙumba mai kaifin aska. Wanda iska ta ja da gudu ya faɗa kansu, ba asibiti zai fara zuwa ba.

Haidar ya zo ya durƙusa ya ce Baba ya yafe masa, bakinsa ne ya fi shi gudu. Wata mace cikin 'yan ƙasar ta ce a gaya wa tsohon ya ceci rai yau. Abdulgani ya ƙi karɓar yabon. Ya ce wa Jethro ya fassara daidai, kada ya rage ko kalma: shi ya kawo su wurin, shi ya ce yana da kyau, kuma ya faɗi haka ne bai gai da masu wuri ba. Wanda ya haƙa rami ya hana ka faɗawa, ba a yi masa godiya.

Suka koma gida. Kwana biyu Fatiha tana ajiye abinci tana ɗaukewa yadda ta ajiye. A na uku ya buɗe jakarsa ya ciro wani ƙullin tsumma. Busasshen goro ne guda uku, ragowar guzurinsa daga Yawuri, wanda ya yi shekara yana tattali. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Jethro ya ce ya kai shi wurin mai farar hula.

Sun sami dattijon a rumfarsa. Sunansa Pak Sarip. Abdulgani ya yi sallama, aka amsa masa da irin kalmomin da ya sani, ya zauna nesa kaɗan kamar yadda zamani ya hukunta, ya ajiye goron a kan wani kwando ya tura. Pak Sarip ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Fuskarsa ta tattare kamar ya ga bashin kakansa, ya tofar, ya tambayi Jethro ko laifin me ya yi wa baƙon. Suka yi dariya su uku, aka aika gida a kawo shayi mai madara don a wanke baki.

Abdulgani bai yi tambaya ba tukuna. Ya jawo ɗaya gefen tarun da ke yage, ya karɓi allurar saƙa, ya fara ɗinki. Pak Sarip ya bar nasa yana kallon hannun. Da ya ga ƙullin Sarkawa, wanda ake zagayawa sau biyu kafin a ja, sai ya matso ya manta da tazara, ya sa a maimaita masa. Sun kai awa guda a haka, babu mai fassara, ba a kuma bukace shi ba. Sai da tarun ya haɗe sannan Pak Sarip ya yi magana, Jethro yana juyawa da guntun yaren da ya iya. Ya ce shingen nan mahaifinsa ne ya kafa shi. Ya ga sun nufi wurin tun farko, ya yi niyyar ya yi musu magana, amma mutumin da ya wuce ka da gora a kafaɗa bai tsaya ba, ka ɗauka ya san inda za shi. Ran Lahadi kuma ya tafi kai matarsa rigakafi, da ya dawo aka ba shi labari, bai runtsa ba.

Abdulgani ya sunkuyar da kai, ya ce a gaya masa baƙo ya yi laifi, ya zo neman sani.

"Mai son ya san teku," in ji Pak Sarip, "ba ya zuwa ran da teku ke gida. Ku dawo ran da ya fita."

A nan lambobin waya suka zama ba su da amfani, domin tsofaffin biyu sun gano suna da lissafi ɗaya. Pak Sarip ya nuna sama ya zana jinjirin wata a yashi, ya ƙirga da yatsu. Sunayen salloli kuwa kusan ɗaya ne a bakinsu. Ran tsayuwar wata da ran cikarsa, teku kan fita da nisa da tsakar rana, ya dawo da ƙarfi bayan la'asar. Kowace rana yana jinkirta dawowarsa da kusan awa guda. Abdulgani ya ciro zaren buhun shinkafa daga aljihu, ya yi ƙulli talatin, manya a ranakun babban ruwa, ƙanana a sauran. Abin da aka gaya masa sau ɗaya bai sake tambaya ba.

Ashirin da tara ga Sha'aban, rana tsaka, suka dawo. Teku ya tafi har ba a ganinsa sai wani farin zare a can ƙarshen duniya. Mutumin da ya yi shekara hamsin da biyar a kan ruwa, ran nan ya fara taka ƙasan ruwa da ƙafarsa a bushe. Pak Sarip na gaba, shi yana biye, Jethro na baya yana ɗaukar hoto. Suka ga turakun tun daga gindinsu, sun fi mutum tsawo. Suka ga ramukan laka, da wata tsohuwar ƙwaryar jirgi, da filin da matan ƙauye ke tonon ƙumba. Pak Sarip ya san ƙasa, amma bai san abin da lema ke so ba. Ya nuna wuri biyu masu tsabta, Abdulgani ya ƙi su saboda iska, ya nuna masa da tsumman gora dalilin ƙin, dattijon ya gyaɗa kai. Sai da suka zagaya bayan wani ƙoƙon gaɓa a kudu suka sami wani dogon harshen yashi mai tauri, babu turke, babu dutse, babu bishiya a bayansa. Abdulgani ya taka shi daga farko har ƙarshe, ya dawo ta ɗaya gefen, ya sake komawa. Ya zauna har iska ta taso, ya watsa yashi, ya ga inda ya faɗi. Ya zauna har teku ya dawo ya rufe wurin a gaban idonsa.

Pak Sarip ya kafa sharuɗɗansa. Ba wasa ran Juma'a kafin a sauko daga masallaci. Ba a matsawa kusa da filin mata. Kowa ya zo, ya tsaya a rumfa ya yi sallama. Jethro ya ce boleh, wato ya yiwu, Abdulgani ya sa shi ya maimaita da Hausa don shi ma ya zama shaida.

Asabar, sha biyu ga azumi, aka sake taruwa. Wannan karon mutum goma sha ɗaya ne, har da Fatiha da mijinta, waɗanda suka zo ganin abin da ya mai da tsohonsu yaro. Abdulgani ya lalubi zarensa, ya ce a jira. Aka jira. Ruwa ya hau harshen yashin, iska ta daidaita, Jethro ya tsaya da lemarsa a sama yana dubansa kamar ran nan. Tsohon ya dubi teku tsawon lokaci. Sannan ya juya ya dubi Pak Sarip, wanda ke tsugune a gefe da hularsa. Dattijon ya ɗaga haɓa sau ɗaya.

"Shiga, Ɗan Dutse," in ji Abdulgani.

Jethro ya taka allo, iska ta ɗauke shi. Sauran suka bi, lema bayan lema, har sama ta cika. Abdulgani bai zauna ba, da azumi a bakinsa, gora a hannu, yana ƙirga kawuna yana sake ƙirgawa. Sai da na ƙarshe ya fito ya taka yashi sannan ya ajiye gorar, ya ce wa Fatiha ta duba ko ta zo da dabino, don yau zai sha ruwa da yunwa ta gaske.

Haidar ya kawo shawarar a sa wa wurin suna Gaɓar Baba a taswirar ƙungiya. Abdulgani ya hana. Ya ce kwata tana da mai ita, shi baƙo ne da aka yi wa alfarma, in suna son suna su je rumfa su tambaya.

Ba a yi wata guda ba cutar ta sake tashi, aka sake rufe hanyoyi, tsohon ya koma hawa na goma sha huɗu. Amma bai koma yadda yake ba. Ya rataye zarensa a jikin taga. Kowace rana bayan azahar Jethro yakan leƙo da waya a hannu ya tambaye shi ina teku yake yanzu, Abdulgani ya shafa ƙulli ya ce yana hanyar dawowa, ya kai gindin turakun mahaifin Sarip, kafin la'asar zai rufe su. Jethro ya duba lambobinsa, ya yi shiru.

"Faɗi mana," in ji tsohon. "Wayar taka ta yarda, ko sai ta je ta gai da mai kwata?"